FILIN MANOMA DA MAKIYAYA: Mai neman iri ya fara da sallama

Watan jiya filin nan ya yi magana a kan ajiyar iri: yadda ake zaɓen zangarniya tun tana gona, da yadda ake tsare wake daga ƙwari. Wannan wata ma maganar iri ce, amma ta wani gefe. Maganar baƙin da ke zuwa neman iri ce.

Garuruwa da yawa sun san su. Da kaka mota takan tsaya bakin gari. Mutum biyu ko uku su sauko, da kaye da bik da ƴan jikkuna. Su gaida mai gari. Su ce suna son zangarniya biyar ta hatsin gargajiya, ko tiya guda ta wake. Wani lokaci wurin makiyaya suke zuwa, su auna shanu, su ɗebi jini kaɗan cikin kwalba. Wani lokaci tsohuwa suke nema, mai sanin saiwa da ganye. Mutanen karkara ba su da rowa. Ana ba su abin da suka roƙa, har a haɗa musu da fura. Mota ta tashi. Daga ranar nan ba a sake jin labari.

Ina irin ya tafi? Me aka yi da shi? Wa ya ci amfaninsa? Ba wanda ya sani cikin gari, domin ba wanda ya tambaya. Rashin sani ya fi dare duhu.

IRI DUKIYA NE

In an ce dukiya, hankali yakan tafi wurin kuɗi, ko gona, ko garke. Amma akwai wata dukiya da ido ba ya gani. Ita ce halin da ke cikin iri. Wani hatsi yana nuna da wuri. Wani yana jure fari. Wani tsuntsu ba ya cinsa saboda gashin zangarniyarsa. Wata saniya tana ba da nono ko da rani ya tsananta. Wannan hali gadonsa ake yi, daga uwa zuwa ɗiya. Shi malaman bincike ke nema, shi kamfanonin iri da na magani ke nema.

Nijar tana da wannan dukiya da yawa. Cikin hatsi akwai Zango, da Zamfarwa, da Ba'angure, da Maiwa. Cikin dabbobi akwai shanun Azawak, da jajayen shanun Bororo, da Kuri na tafkin Cadi, da tumakin Balami, da jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Cikin daji akwai anza, da aduwa, da sabara, da kalgo.

Allah ne ya halicce su, amma hannun mutane ya yi aiki. Kowace kaka manomi ya ware zangarniya mafi kyau ya rataye. Mata suka ajiye irin kuɓewa da yakuwa da riɗi cikin gora. Makiyayi ya zaɓi bijimin da zai bari cikin garke. Haka aka yi tun kaka da kakanni. Tare da iri kuma akwai sani. Wadda ta san kwana nawa ake jiƙa ƴaƴan anza kafin ɗacinsu ya fita, ita ma dukiya take riƙe da ita.

LABARIN ALBASAR GALMI

Galmi gari ne cikin jahar Tawa, a kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa. Manoman wurin sun daɗe suna noman wata albasa ja mai yaji, mai jure ajiya. Malaman binciken noma suka tace ta a nan cikin ƙasa, aka sa mata suna Violet de Galmi. Manyan motoci suna kai ta Gana, da Kwaddibuwa, da Benin, da Togo. Gidaje masu yawa da ita suke ci, da ita suke aure, da ita suke biyan bashi.

A birnin Yawunde na ƙasar Kamaru akwai wata hukuma, sunanta OAPI. Ƙasashe 17 na Afirka suke cikinta, har da Nijar. Aikinta ba da takardar mallaka ga wanda ya ƙirƙiro sabon abu. Tun shekara ta 2006 ta fara karɓar rajistar sababbin irin shuka. Wanda ya samu takardar nan, ba mai noma irin domin sayarwa sai da izininsa, har shekaru da yawa.

Sai wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya kai takarda. Ya nemi a rubuta Violet de Galmi da sunansa. An yi komi da Faransanci, cikin biro, nesa da Galmi. Manoman Galmi suna ban ruwa a fadamarsu, ba su ji ba, ba su gani ba. A shekara ta 2009 labari ya bazu. Ƙungiyoyin manoma suka yi kuka. Gwamnatin Nijar ta ƙi yarda. Kamfanin ya janye sunan Galmi, ya sake kai takarda da wani suna. A shekara ta 2023 OAPI ta ba Nijar takardar shaida mai tsare sunan albasar Galmi, da ta kilishin Nijar.

Sunan albasa ya tsira domin labari ya iso, kuma mutane sun haɗa baki. Da labari bai iso ba fa? Mai albasar kansa shi zai zama na ƙarshe da zai ji. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

IRI YANA TAFIYA, BA LAIFI BA NE

Kada wani ya ce to, sai a rufe ƙofa, a kori kowane baƙo. Wannan kuskure ne. Masara da rogo da gujiya daga ƙasashen Amurka suka fito tun da daɗewa. Yau sun zama abincin gida. Wani hatsi na arewacin Togo, sunansa Iniadi, ya tafi Indiya. A 1988 aka fitar da sabon iri daga gare shi, manoman can suka amfana.

A nan gida ma haka ne. Hatsin nan da ake kira HKP daga hatsin gargajiya na ƙasar Zabarmawa ya fito, wanda suke kira Haini Kire. Malamai suka tace shi ya zama mai saurin nuna, ya komo hannun manoma. Ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, wato INRAN, an kafa ta a 1975, kuma tana da tasha a Tarna kusa da Maraɗi. A Sadore, kudu da Yamai, ma'aikatar ICRISAT tana da ɗakin sanyi inda ake ajiye iri iri na hatsi da dawa da gujiya. A Tukunus, wajen Filinge, ana kiwon shanun Azawak domin kyautata irinsu.

Tsofaffi ba su manta yunwar 1973 da ta 1984 ba. Gidaje da yawa sun cinye irinsu, garkuna da yawa sun ƙare. Irin da ya ɓace a rumbu, in an taɓa ba da shi ajiya, ana iya samunsa kuma. Saboda haka ba da iri ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗauka ba bayani, a tafi ba labari.

ABIN DA ƘASASHE SUKA YARDA DA SHI

A 1992 ƙasashen duniya suka taru a birnin Riyo na ƙasar Barazil. Suka yarda cewa kowace ƙasa ita ke da iko da tsirrai da dabbobin da ke cikinta. A 2010 suka sake taruwa a Nagoya, ƙasar Japan. Suka rubuta yarjejeniya a kan yadda za a nemi iri, da yadda za a raba riba. Yarjejeniyar Nagoya ta fara aiki a 2014. Nijar tana cikinta. A Yamai akwai hukumar CNEDD, wadda aka kafa a 1996. Ita aka ɗora wa bin wannan magana.

Yarjejeniyar Nagoya tana tsaye a kan duwatsu uku, kamar tukunya a murhu.

Na 1: izini kafin a ɗauka. Mai neman iri domin bincike ya nemi izini tun bai taɓa komi ba. Kuma ya bayyana gaskiyar abin da zai yi da shi.

Na 2: sharaɗi da yardar kowane gefe. A zauna, a shirya, kowa ya san abin da ya ɗauka a wuyansa.

Na 3: rabon amfani da adalci. In iri ko sanin gargajiya ya haifi riba, masu shi su samu rabonsu.

Akwai wata yarjejeniya dabam, ta 2001, a kan irin abinci da na ciyawar dabbobi guda 64. Hatsi da dawa da wake da shinkafa da masara suna ciki. Albasa da gujiya ba su ciki. Irin da ke ɗakunan ajiya na ƙasashe, malamai suna musayarsa da takarda guda wadda kowa ya sani. Kuɗin da ya fito yana shiga asusu ɗaya na duniya, a yi wa manoma ayyuka da shi. Wannan yarjejeniya ta ce manoma suna da hakkin a ji ta bakinsu a kan maganar iri.

A lura da kyau. Duk wannan bai hana manomi ya ba maƙwabcinsa iri ba. Bai hana sayar da albasa ko akuya a kasuwa ba. Bai hana amarya ta tafi ɗakin miji da irin kuɓewar uwarta ba. Magana ce ta mai ɗaukar iri domin bincike, ko domin ya fitar da sabon abin sayarwa.

INDA MAGANA TAKE YANKEWA

Mutane da yawa suke cikin wannan sha'ani. Akwai manoma da makiyaya, maza da mata. Akwai masu maganin gargajiya. Akwai mai gari, da harɗo, da sarki, da magajin gari. Akwai malamin gona, da likitan dabbobi, da malamin gandun daji. Akwai malaman bincike, da kamfanoni, da gwamnati. Takarda ta yi kyau, amma takarda ba ta tafiya da ƙafarta. Sai waɗannan mutane sun ji juna. A wuri huɗu magana ta fi yankewa.

Wuri na farko harshe ne. Takardu da Faransanci suke, ko da Ingilishi. Mai iri kuwa Hausa yake ji, ko Fulatanci, ko Tamashek, ko Zabarmanci, ko Barbarci. Wanda ya ce "to" ga abin da bai gane ba, bai ba da izini ba.

Wuri na biyu, ana tsayawa ga mutum ɗaya. Baƙo ya ga mai gari, shi ke nan. Mata suna wurin daka, ba a kira su ba, alhali irin miya yana hannunsu. Makiyaya sun yi arewa da damina, aka yanke maganar shanunsu ba su nan.

Wuri na uku, ba rubutu. An yi alkawari da baki ƙarƙashin itace. Bayan shekara 5 mai gari ya rasu, malamin gona an kai shi wata jaha. Wa zai ba da shaida?

Wuri na huɗu, ba a komowa da labari. Malami ya gama bincikensa, ya rubuta littafi, ya ajiye a biro. Garin da ya ba da iri bai ji ko na gode ba.

Amma laifi ba na baƙi kaɗai ba ne. Su ma suna da nasu kuka. Wani lokaci sukan zo da gaskiya, su rasa wanda za su yi magana da shi. Wani lokaci mutum ɗaya ya karɓi kuɗi a ɓoye da sunan gari, ya sa aljihu. Wani lokaci a ba su labarin ƙarya domin a rabu da su. Kuma iri ɗaya yakan zama na garuruwa da yawa. Zango ana nomansa a ƙasar Maraɗi, ana nomansa a ƙasar Katsina. Shanun Azawak suna Nijar, suna Mali. Gari ɗaya ba zai ce nasa ne shi kaɗai ba. Dole garuruwa su ma su yi magana tsakaninsu.

YADDA ZA A KARƁI BAƘO

Ga misali na yadda maganar za ta iya tafiya a ƙofar mai gari.

— Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, mun zo neman irin hatsin gargajiya.

— Alaikumus salam. Sannunku da zuwa, malam. A kawo musu ruwa. Wace ma'aikata ta aiko ku?

— Ga takardarmu, baba.

— Madalla. Akwai masu karatu cikin gari, za su duba ta. Hatsin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Ku kwana, ko ku komo ranar kasuwa. Za a tara jama'a, maza da mata, ku faɗa musu da bakinku.

Mai gari bai yi faɗa ba, bai yi rowa ba. Ya dai nemi lokaci. Baƙon kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce yana sauri, ba zai iya jira ba, a kula da shi.

Ranar taro, a kira malamin gona ko likitan dabbobi ya zama shaida. A yi wa baƙo tambaya shida:

1. Wane ne kai, kuma wa ya aiko ka?
2. Ina takardar izininka daga hukuma?
3. Me kake so, kuma nawa?
4. Ina za a kai shi, me za a yi da shi?
5. Za a miƙa shi ga wani, ko za a sayar da abin da ya fito daga cikinsa?
6. Me gari zai samu, kuma yaushe za ka komo da labari?

In an shirya, a rubuta takarda biyu, ɗaya ta baƙo, ɗaya ta gari. A rubuta da harshen da jama'a ke ji. A karanta da ƙarfi a gaban kowa. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. In ba a shirya ba, gari yana iya cewa a'a. In abin ya fi ƙarfin gari, a kai maganar wurin magajin gari, ko sarusin noma, ko ɗakin manoma na jaha.

WACE RIBA?

Riba ba kuɗi kaɗai ba ce. Gari yana iya sa sharaɗi a komo masa da irin da aka tace, ya gwada a gonarsa. Yana iya neman a koya wa samari noman iri. Yana iya neman rumbun iri na gari, ko allurar rigakafi ga dabbobi. Yana iya neman a rubuta sunansa a kan irin, kuma a ajiye masa wani kashi cikin ɗakin sanyi saboda shekarar fari.

Kuɗi ma yakan zo. A ƙasar Afirka ta Kudu akwai wani ganyen shayi, sunansa roibos. Kabilun San da Koi su suka fara sanin amfaninsa. Kamfanoni suka daɗe suna cin ribarsa. Aka yi shekara 9 ana zama ana tashi. A 2019 aka sa hannu. Aka yarda a riƙa ba kabilun nan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na kuɗin ganyen a bakin gona. Wato cikin kowace jika, dala 3. Kaɗan ne a ido, amma ganyen yana da yawa. Ba da sanda suka samu ba. Da ƙungiya suka samu, da wakilai, da haƙuri, da takarda.

Sai dai kada a yi dogon buri. Iri da yawa da ake ɗauka ba ya haifar da ko dala. Bincike yana cin shekaru. Wanda ya yi alkawarin miliyoyi tun ranar farko, a yi hattara da shi. Ƙaramin alkawari da aka rubuta ya fi babba da aka faɗa a iska. Kuma abin da aka samu na jama'a ne. A faɗe shi a fili, a san hannun da ya shiga.

AIKIN MAKARANTAR YAƘI DA JAHILCI

A nan masu koyon karatu suke da babban aiki. Kowace makaranta tana iya buɗe kaye guda, a kira shi kayen iri. A raba shi biyu.

A kashi na farko a rubuta irin da gari yake da shi: sunansa, kwana nawa yake nuna, wace ƙasa yake so, jigawa ko fadama, da gidajen da ke riƙe da shi. A tambayi tsofaffi tun suna da rai. A tambayi mata. A tambayi makiyaya in sun sauko. Sirrin magani kuwa, mai shi ne zai ce a rubuta ko a bari.

A kashi na biyu a rubuta baƙi: rana da wata da shekara, sunan baƙo, ma'aikatarsa, lambar motarsa, lambar talhonsa, abin da ya ɗauka, da alkawarin da ya yi. Baƙo ya sa hannu, shaidu su sa hannu.

Kaye ɗaya da bik ɗaya ba su kai kuɗin tiyar hatsi biyu ba. Amma ranar da wani ya ce shi ya ƙirƙiro irin gari, kayen nan zai yi magana. Ranar da alkawari ya yi jinkiri, da shi za a je biro. Koperatif ta ajiye shi, ko mai gari. Garuruwan da ke maƙwabtaka su riƙa nuna wa juna nasu. Radiyon karkara kuma ta yaɗa labari, domin abin da gari ɗaya ya ji, goma su ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI DOMIN HIRA A MAKARANTA

1. Wane iri ne ake nomawa da, yanzu ya ɓace a garin? Me ya ɓatar da shi?
2. An taɓa zuwa neman iri, ko jinin dabba, ko sanin magani? An komo da labari?
3. In baƙo ya zo gobe, su wa ya kamata a kira wurin taro?

Makarantar da ta yi wannan hira ta rubuto wa jarida amsarta ta hannun malaminta. Za a buga amsoshin a filin wasiƙu. Wata mai zuwa filin nan zai yi bayani a kan rumbun iri na gari: yadda ake kafa shi, da yadda ake ba da rance a biya da kaka.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare iri da garke.